Ranar da Rijiyar Tasalla Ta Koma Maƙwabta

"Maimaita in ji, Yalwa! Rijiyar wa?"

"Tawa mana, Yaya Tasalla. Tauraro ya sake fashewa, ko rediyonki ma ya tsufa?"

Ai kun sani, tun da masu awon sama suka ce duniya gangarawa gabas take yi, duk tauraron da ya fashe sai su auna, hukuma ta matsar da iyakar kowane gida taku ɗaya. Taku bakwai ke nan maƙwabciyar nan ta ci wa Tasalla. Murhu ya tafi, zogale ya tafi, yau kuma jan layin iyakar ya haye rijiyar da Malam, marigayi mijin Tasalla, ya haƙa da hannunsa.

Yalwa ta taɓe baki. "Ke ma ai ana ƙara miki ta baya."

Bayan gidan Tasalla kuwa maƙabarta ce. Saura taku biyu kabarin Malam ya shigo mata tsakar gida.

Tasalla ta nufi bakin rijiyar. Ta janye guga, ta naɗe igiyar tsaf a hannunta.

"Ruwa naki, igiya tawa. Tauraron ya sauko ya ɗebo miki, munafuka!"

Ta shige ɗaki, ta buga ƙyauren langa-langa, garam!