Tsaga a Bangon Tela

Karo na uku ke nan aka cika masa bututun da tsakuwa. Farfesa ya durƙusa a gefen hanya, gwiwoyinsa suna ƙara, ya leƙa bakin ƙarfen, sannan ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. Daga bakin shaguna mutanen unguwar suna kallonsa, babu mai ce masa sannu.

Bututu takwas ya kafa a jikin gangaren da unguwar ke kai tun farkon damina, kowanne da na'urar da ke auna tashin ruwa a ƙarƙashin ƙasa da motsin tudun. Wata huɗu suna faɗa masa magana ɗaya. Can ƙasa akwai shimfiɗar yumɓu, ruwa ya jiƙa ta har ta zama kamar sabulu, unguwar kuma tana zaune a kanta tana zamewa a hankali. Da fari faɗin yatsa ɗaya a wata. Yanzu faɗin yatsa ɗaya a mako. Hotunan tauraron ɗan'adam ma sun gaskata bututun.

Su kuwa mutanen tuni suka yanke nasu hukuncin: wai masu kuɗi ne suka turo shi a tashe su a gina otel. Suka laƙa masa suna Bokan Ƙarfe. An ɗauke masa batir, an sace iskar tayoyin motarsa, wata mata ta watso ruwan wanki a ƙafarsa ta ce ba ta gan shi ba. Abokan aikinsa sun ce ya miƙa rahoto ga hukuma ya huta, tunda saura wata biyu ya yi ritaya. Ya ƙi. Da ma shi ya nemi a ba shi wannan unguwar.

Wanda ake jin maganarsa a wurin wani tsohon tela ne, mai gida na farko da aka gina a gangaren. Ranar da bututu na shida ya nuna ruwa ya haura inda bai taɓa kaiwa ba, Farfesa ya tafi shagonsa kai tsaye. Telan bai ɗago daga kan keke ba, bai kuma nuna masa benci ba. A bangon da ke bayansa akwai tsaga daga rufi har ƙasa, an cusa mata ƙyallaye.

Farfesa ya gaya masa cewa ruwan sama ɗaya mai ƙarfi ya isa, kuma gidansa ne zai fara tafiya, don a kan tsohon idon ruwa da aka cike yake zaune.

Keken ya tsaya.

"Wa ya gaya maka akwai idon ruwa a nan? Ko 'ya'yana ba su sani ba."

Farfesa ya ce aikinsa ke nan.

Kafin wani lokaci shagon ya cika, waɗanda ba su sami wuri ba suka tare ƙofa. Telan ya jawo aljihun tebur, ya fito da wata takarda a cikin leda, ta tsufa har ta yi ja. Ita ce makaminsu. Shekara talatin da takwas da suka wuce hukuma ta turo masani ya auna ƙasar, ya rubuta cewa babu haɗari, a kan haka kowa ya zuba guminsa ya yi gini.

"Wanda ya rubuta wannan ya fi ka ilimi," in ji telan, yana kaɗa ta a fuskarsa. "Shi mutumin kirki ne. Kai kuwa an saye ka."

Farfesa ko kallon takardar bai yi ba. Ya ce wanda ya rubuta ta yaro ne mai girman kai. Rami uku kacal ya haƙa, cikin rani, bai ko kai ga yumɓun ba, ya tattara kayansa yana saurin komawa birni, don an yi masa alkawarin tura shi ƙaro karatu. Ya ce idan gangaren nan ya binne mutum ko ɗaya, alhakin yana wuyan yaron nan.

Shagon ya yamutse. Wani ya damƙi kwalar rigarsa, maɓalli ya tsinke. Wata ta ce ba shi da kunya, yana zagin wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Telan ya ɗaga almakashi ya nuna masa ƙofa, ya ce muddin mai takardar bai dawo ya janye maganarsa da bakinsa ba, ko cokali ba mai fitarwa daga unguwar.

A waje iska ta fara kaɗa kwanon rufi, hadari ya haɗo ta gabas. Farfesa ya dubi tsagar, ya dubi jikokin telan biyu da ke leƙowa daga cikin gida. Ya ce a ba shi takardar. Telan ya yi jinkiri, sannan ya ɗora ta a kan keke, ya danne gefenta da tafin hannunsa.

Farfesa ya zaro biro, ya ja layi ɗaya a kan rubutun tun daga sama har ƙasa, ya sa kwanan wata, ya rattaba hannu a ƙarƙashin tsohon sa hannun.

Telan ya gyara zaman tabarau, ya sunkuya, ya daɗe yana duba sa hannun nan biyu, na sama da na ƙasa, bai ga abin da ya raba su ba sai rawar hannun tsufa.