Biredin Soso

Da ruwan shayi take rina gefen biredin. Soson tsohuwar katifa ne, sai ta yanka shi fala-fala, ta tsoma bakinsa a shayi mai kauri, ta shanya. In ya bushe sai ka rantse yanzu aka gasa shi. Ƙwai kuma farin ƙyalle ne, murfin kwalba a ƙarƙashin rawayan yadi shi ne kwanduwa. Ayaba da kifi da tumatir duk daga ragowar yadin da teloli ke sharewa su zubar. Yaran layin suka sa mata suna Maman Girki, sunan ya bi ta har kasuwa.

Ita da ƙawarta Doguwa suke aikin a ɗan ɗakin da ke bayan kicin. Ita ta koya wa Doguwa komai, har yadda ake ɓoye ƙullin zare a wutsiyar kifi. Shagunan kayan wasa da makarantun ƙananan yara ke saye, da haka su biyun suke rufa wa kansu asiri.

Sai ciniki ya fara ja da baya. Mai shagon da ya saba karɓa ba ko tayi ya koma sosa ƙeya. Da ta matsa masa, ya jawo leda daga ƙarƙashin kanta ya zazzage mata. Ya ce wata mai tebur a bakin tasha ke sayar da waɗannan rabin kuɗin nata.

Ta juya kifin a hannunta, ga ƙullin nan a wutsiya. Gefen biredin yana ƙanshin shayi. Kamar ita ta ɗinka. Ƙwan ne kawai ba murfi a ciki, ta ja tsaki ta ce ɓarawon ma marowaci ne. Abin ya yi mata ciwo, don mutum ɗaya ne a duniya ya san hannunta haka.

Maigidanta ya saurare ta yana kaɗa kai. Ya ce shi dama bai taɓa yarda da mai yawan dariya ba, ya yi shiru ne don kada a ce ya raba ƙawaye.

Ba ta da dalilin musa masa. Shi ya riƙe ta lokacin da 'yarsu ta rasu a ɗakin yara na asibiti, 'yar da aka fara yanka wa biredin soso don ta riƙa yi wa 'yar tsanarta girki a kan gado. Tun daga nan Maman Girki ko hanyar asibitin ba ta iya bi. Amma duk wata sai ta cika jaka da kayan wasa masu laushi zalla, na yaran da ke kwance, shi kuma ya saɓa ya kai. In ya dawo ya ba ta labarin murnar da suka yi, ta yi kukanta ta ji sanyi.

Washegari Doguwa ta shigo da dariyarta, ta tarar da kifin a kan keken ɗinki. Maman Girki ba ta yi kwana-kwana ba, ta ce ta faɗa mata tun yaushe take cin amanarta.

Doguwa ta ce, "Ni kike faɗa wa haka, 'yar'uwa? Ni da na zauna da ke a asibitin nan har ƙarshe?"

Ta ajiye almakashi ta fita, ba ta sake takowa gidan ba.

Ɗakin ya yi shiru. Hannu ɗaya ya kasa cika alkawari, makarantu suka fara zamewa. Duk da haka ba cinikin ke cin ran Maman Girki ba, so take ta ji sunan Doguwa daga bakin mai teburin, ko zuciyarta ta daina yi mata gardama. Ranar da ta ɗaure jakar asibiti ta wannan watan ta miƙa wa maigidan, yana fita ita ma ta nufi tasha.

Mai teburin mace ce mai surutu, ta ɗauka mai sari ce ta zo. Da Maman Girki ta tambayi mai kawo mata kayan, ta ce ita ba ta san wata doguwar mace ba. Wani bawan Allah ne ke kawo mata, mutumin kirki, ba ya ja-in-ja a ciniki, don ya ce shi ma kyauta yake samu.

"Kin ma taki sa'a, baiwar Allah," ta ce, tana nuni da haɓa. "Ga shi can tafe."

Maman Girki ta waiwaya. Maigidanta ne ke tsallako titi, da jakar yaran asibiti a kafaɗarsa.