Faifan Inna

Najaha ta tsaya bakin shagon saurayinta Sa'adu na hanyar Dungu, inda yake tara tsofaffin faya-fayen kiɗan jaz. Guda ɗaya ya kawo ta: wanda marigayiya Innarta ta yi waƙa a ciki tana budurwa, abin da gidansu ke ɓoyewa.

"Baba ya ji za a sake buga shi," ta ce, idonta a ƙasa. "Ya ce ka farfasa shi a gabana, ko ka haƙura da ni."

"Shi kaɗai ya rage, Najaha."

Ya ɗora faifan a kan garmaho, ya sa masa allura, shagon ya cika da muryar da ta fara mantawa.

Da waƙar ta ƙare, ya ɗaga faifan zai maka shi da ƙasa. Ita ce ta riƙe hannunsa. Ta san riƙon nan ya raba su, amma ta kasa saki.