Abin da Lokotoro Ta Faɗa

Sabi'u ne ya riƙe yayansa Yusha'u tun daga Attantane har Yamai, shi ne kuma ya kwana a tabarma gefen gadonsa lokacin da aka yanke masa ƙarin da ya toshe hanjinsa. A gidansu Sabi'u kaɗai ya yi lakkwal, wato makarantar boko, shi kaɗai ke jin Faransanci.

An aika da yankin ƙarin waje domin a duba yadda ƙwayoyin halittar gado da ke cikinsa suke aiki, don su ne ke nuna ko ciwon dajin mai dawowa ne. Ranar da sakamako ya iso, lokotoron, wato likitar, wata Bazabarma da ba ta jin Hausa, ta daɗe tana bayani da Faransanci. Ta dafa kafaɗar Yusha'u, ta ɗaga yatsu shida.

Yusha'u ya dubi ƙanensa. "Mi ta ce?"

Sabi'u ya sunkuyar da kai. "Yaya, ta ce mu tahi gida. Wata shida."

Yusha'u bai yi kuka ba. Ya yi mata godiya, ita kuma ta yi murmushi.

A gida ya nemi gafarar mutane. Ya damƙa wa Sabi'u gonar gero da amanar matarsa Zara'u da 'ya'yansu. Wayarsa ma ƙanen ya karɓa, don kada masu gaisuwa su dame shi. Zara'u ta so a koma asibiti, Sabi'u ya ce jigilar za ta ƙarasa shi kawai.

Wata shida suka wuce bai mutu ba. Har wake ya shuka da damina, mutane suna ta mamaki. Sai a shekara ta biyu ciwon ya dawo, ya rame, ya cika a hannun ƙanensa.

Bayan takaba dangi suka ga babu wanda ya cancanci riƙon gidan kamar Sabi'u. Aka ɗaura masa aure da Zara'u.

Zara'u na da tsohon ciki wata farar mota ta tsaya a ƙofar gida. Masu bin sawun marasa lafiya ne, da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Tasawa. Da ta ji rasuwar, ta yi salati.

"Allah ya jiƙansa, baiwar Allah. Gwajinsa ya nuna irin mai jin magani ne, ƙarin ruwan magani na wata shida kaɗai ya rage a yi mishi. Mun yi ta kira, kullum ƙanensa na ce muna shi ya ƙi zuwa."