Ƙarar Tsohon Inji

"Baba, gyaran injin nan ya fi ƙarfin aljihunka," in ji bakanike. "A sa na hannu, ko ƙararsa ba za ka ji ba."

Tsohon direban ya daɗe yana shafa motar da ya tsufa a cikinta, sannan ya ce a cire.

Da yamma ya shigo layinsu, ba tari ba hayaƙi. Matarsa, wadda tsufa ya kwashe mata fuskokin mutane, tana zaune a ƙofar gida. Ya fito yana murmushi.

Ta ja mayafi ta kare fuska. "Bawan Allah, maigidan bai dawo ba. In ya taho, tun daga kan kwana nake gane ƙarar motarsa."