Ranar da Aka Kori Balki

Akwai wasu a Matameye da suka kalli abu shekara tara da idanu biyu suka kasa ganinsa, kuma har yau suna yawo da littafi a hammata. Ba sai an kama suna ba. Sun san kansu.

Isufu kafinta shi ne dattijon 'yar majami'ar da ke bayan tasha, wadda in ta cika maƙil mutum ashirin ne. Tun ranar da ya bi Yesu danginsa na Tsauni suka yafe shi. Innarsa Anisa, wadda ya tashi a ɗakinta cikin yara shida, ta aiko cewa ko gawarta kar ya zo gani.

Wata uku bayan haka wata tsohuwa ta sauko daga motar Dungu da ƙunshi ɗaya. Balki. Musulma ce, carbi bai barin hannunta, amma ta roƙi a ba ta ɗakin ajiyar benci ta riƙa shara. Fasto ya tambaye ta 'ya'yanta nawa. Ta ce, "Ba ni da na ƙirgawa." Kowa ya ce juya ce, Allah sarki.

Tana gaisawa da kowa, har da akuyar maƙwabta. Ban da Isufu. In ya shigo ta gabas, ta fice ta yamma. In yana wuri, ko ruwa ba ta sha. Sunansa bai taɓa hawa harshenta ba, sai dai "wancan mai gudumar". Ranar da zarto ya cire masa kan yatsa mata suka yi ta kururuwa, ita kuwa ta ci gaba da shara, sai dai tsintsiyar wuri ɗaya ta yi ta karta har ƙasa ta yi rami.

Isufu ya ƙullace ta, amma yana da yaƙin da ya fi wannan ci masa rai. Kowace Asabar Iliyasu, malamin 'yan Katolika, yakan zo daga Damagaram a kan moto mai ƙafa biyu, ya zauna bakin shagon, su ɗora daga inda suka tsaya.

"Linjila ɗan fari ta kira Yesu," in ji Isufu, yana buga guduma. "Wa ke cewa na fari in babu na biyu? Maryamu ta yi wasu haihuwar bayansa. Ku bar ruɗin mutane."

"Kai dai katako ka iya karantawa. A Attaura duk wanda ya buɗe mahaifa ɗan fari ne. Yana kwana arba'in aka kai shi Haikali da wannan matsayi. An jira a ga ƙanensa ne?"

"Surutu! Inda babu na biyu, babu na fari. Ko a katako haka ne."

A kan wannan Isufu ya kafe, kamar ƙusar da aka lanƙwasa kanta.

Da damina 'yarsa 'yar wata goma ta kwanta. Jiki kamar garwashi, idanu na juyewa. Nan fa aka fara tuna abubuwa. Wa ke goya yarinyar kullum in ubanta ba ya nan, tana ce mata mummuna mai hancin aro? Balki. Wa aka sha kamawa a bayan danga tana bin ƙeyar Isufu da kallo in ya juya baya? Balki. Ba wanda ya furta kalmar da ƙarfi, amma kafin la'asar ta zagaye unguwa: mayya.

Sallau mai gadin tasha ya ce ya san maganin abin. A sa ta kira sunan maigidan a gaban jama'a, ta ce ta saki gidansa. In ta ƙi, to ita ce.

Ranar Asabar suka taru a ƙofar ɗakinta, da masu zuwa majami'a da masu zuwa masallaci, karon farko da aka gan su a sahu ɗaya. Isufu ya tsaya a gaba.

"Tsohuwa, kira sunana."

Ta juya fuska ga bango. "Ku ce wa wancan ya kai yarinyar likita. Zazzaɓin damina ne."

"Da ni za ki yi magana! Sau ɗaya. In kin ƙi, yau za ki bar mana wurin nan."

Laɓɓanta suka motsa. Jama'a suka yi tsit, har ana jin ƙwayoyin carbinta na gogar juna. Ba abin da ya fito.

Da hannunsa ya jefa ƙunshinta waje. Buta ta gangara cikin taɓo. Ta duƙa ta ɗauka, ta bi ta tsakiyar mutane suna darewa kada inuwarta ta taɓa su, Isufu na biye don ya tabbatar ta shiga mota.

A bakin tasha moton Iliyasu ya ci birki. Sallau ya zayyane masa komai cikin murna. Iliyasu ya sauka, ya tambaye shi:

"Sunan mutum nawa take ƙin faɗa?"

"Nasa kaɗai."

Iliyasu ya cire hula, ya durƙusa a gaban Balki. "Inna, da aka tambaye ki 'ya'ya, kin sa wanda uwa ba ta ƙirgawa?"

Balki ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙafarta ɗaya na cikin motar Dungu ta amsa, ba ta waiwaya ba: "Ubansa ya rasu. Baffansa ya karɓe shi ranar yaye a Tsauni, ya ba matarsa Anisa. Allah bai ƙara min wani ba." Direba ya ja ƙofa, mota ta tashi, ta bar Isufu tsaye cikin taɓo. To, mai karatu, kai ma Bahaushiya ta haife ka, ka san, in an cire miji, mutum ɗaya tak a duniya da mace za ta gwammace a kira ta mayya a kore ta da ta kama sunansa. In ka isa, ka ce ba ɗan farinta ba ne.