Kunun Zulai

"Baiwar Allah, ba ki ga matata Zulai ba?"

Kullum haka Dallatu yake tambayar mai rabon kunu a rumfar mishan ta Bwari, inda ake ciyar da waɗanda yaƙin basasa ya koro. Tun ranar da aka ƙone gidansu, hankalinsa bai dawo ba.

"Tana tafe, Malam. Sha."

Ya kurɓa. "Har tsamiyar irin tata."

Ya koma bakin hanya shi kaɗai, yana leƙen kowace mota.

Hannah, matar fasto, ta dafa mai kunun. "Ki gaya masa mana."

"Na gaya masa, Mama. Ya ce matarsa ba ta da tabon wuta a fuska." Zulai ta share ido. "Gara ya yi ta jirana da ya guje ni."